Aikin Ungozoma Idan Ciki Ko Haihuwa Suka Zo Da Gardama: Waiwaye Daga Yankin Funtuwa Da Malumfashi

A bakin Bahaushe kalmar ungozoma tana nufin mutum biyu. Akwai tsohuwar unguwa da ta gaji aikin ko ta koye shi da yawan gani, wadda ke yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya, ta kuma tsaya kan wankan jego. Akwai kuma wadda ta yi shekaru a makaranta, ta ci jarrabawa, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ba ta lasisi. Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na takarda. A al'adar ƙasar Hausa, sau da yawa ba a kiran ungozomar gargajiya sai bayan an ji kukan jariri, domin mace kan durƙusa ita kaɗai a ɗaki, ko da wata dattijuwa a kusa, kuma ana yaba mata idan ba a ji muryarta ba. Wato sa'o'in naƙuda, waɗanda a cikinsu ne abubuwa kan rikice, su ne ba su da mai gadi. Ungozomar asibiti an horar da ita ne musamman domin waɗannan sa'o'i.

Mafi yawan masu juna biyu suna sauka lafiya ko da babu kowa a kansu. Sai dai ƙiyasin da masana kiwon lafiya suka daɗe suna aiki da shi shi ne, cikin kowane ciki 100, wajen 15 za su gamu da matsalar da ke iya taɓa rai. Abin da ya sa lamarin yake da wuya shi ne ba a iya nuna waɗannan 15 ɗin da yatsa tun da wuri. Macen da ta haifi shida a gida lami lafiya tana iya zubar da jini a na bakwai, hasali ma haɗarin ya fi yawa a kanta. Ba banza ba Hausawa ke gaida mai jego da barka da arziki.

Yankin da hanyoyinsa

Shiyyar Funtuwa, wato kudancin Jihar Katsina, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi, Ƙafur, Musawa da Matazu. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken soya, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, jama'a kuma suke warwatse a ƙauyuka da unguwannin noma. Albarkar ruwan ita ce kuma matsalar hanya: daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin burji da yawa kan koma taɓo, rafuka su cika, kuma a daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro ke ƙamari, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu ya tafi ga taki. Haihuwar da ta zo da gardama a watan Agusta ba ɗaya take da wadda ta zo da kaka ba.

Tsarin kula da masu haihuwa hawa uku ne. A ƙasa akwai cibiyoyin lafiya na matakin farko, inda ungozoma ko ma'aikaciyar lafiyar al'umma ke yin awo da karɓar haihuwar da ba ta da matsala. A tsakiya akwai manyan asibitoci irin na Funtuwa da na Malumfashi, inda ake da likita da ɗakin tiyata da ƙarin jini. A sama akwai asibitocin koyarwa, kuma mafi kusa da mutanen Funtuwa shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Zariya. A Malumfashi ne kuma makarantar koyon aikin ungozoma ta jihar take, wadda ta daɗe tana yaye matan da ke riƙe da ɗakunan haihuwa a sassan Katsina. Karatun ungozoma na asali shekara 3 ne, na ungozomar al'umma, wadda ake horarwa domin ta koma garinsu ta yi aiki, shekara 2.

Ilimin da aka samo a nan

Mutane da yawa suna ɗaukar ilimin haihuwa na zamani a matsayin abin da aka kawo daga Turai. Wani babban ɓangare nasa kuwa a wannan yanki aka tattara shi. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Funtuwa da Malumfashi suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, asibitin Malumfashi kuma yana cikin asibitocin da Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da ɗalibanta a ciki. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibitin jami'ar da ke Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 ne suka rasu, kuma 219 daga cikinsu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya lalace aka kawo su ranga-ranga. Matan da suka yi awo kuma suka zo da wuri, haɗarinsu ya yi ƙasa ƙwarai, alhali asibitin ɗaya ne, ma'aikatan ɗaya ne, magungunan ɗaya ne.

Binciken ya kuma nuna waɗanda suka fi shiga haɗari: 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da matan da suka yi haihuwa da yawa. Harrison ya ƙarasa da cewa maganin da ya fi kowanne tasiri shi ne a sa yara makaranta, musamman mata. Wannan rahoto yana cikin abubuwan da suka zaburar da duniya har aka ƙaddamar da shirin kare rayukan masu haihuwa a taron Nairobi na 1987. Shekaru kusan 40 bayan haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun ce mata wajen 75,000 ne suka rasu a Najeriya cikin shekara guda sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa wajen 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti.

Abin da ungozoma ke nema a wurin awo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin cikin ya wuce wata uku. A kowane zuwa ana auna jini domin gano hawansa, a duba fitsari, a auna girman ciki, a saurari bugun zuciyar ɗan tayi, a shafa a ji kwanciyarsa. Ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarewar wuya, da fansida daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku, domin zazzaɓin cizon sauro yana ɓuya a mabiyiya ya cinye jinin uwa ba tare da ta ji ciwo sosai ba. A nan ne kuma ake ware waɗanda bai kamata su haihu ko'ina ba sai babban asibiti: mai tagwaye, wadda ɗanta ya kwanta a gicciye, wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai cutar sikila, da yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba.

Ƙarancin jini shi ne abin da aka fi rainawa. Macen da tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari, tana haki in ta ɗauko ruwa, sai a ce laulayi ne. Amma jinin da mai cikakken jini za ta zubar ta tashi ta sha kunu, shi ne zai kashe wannan.

Zubar jini

Wannan ita ce babbar mai kisa, kuma ita ce mafi gaggawa. Jinin da ya ɓalle bayan haihuwa yana iya ɗauke mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Ana kiran sa zubar jini mai haɗari idan ya kai rabin lita, kwatankwacin ledar ruwan sha guda. Dalilinsa mafi yawa, wajen kashi 70 cikin 100, shi ne mahaifa ta saki bayan fitar mabiyiya. Jijiyoyin da ke ciyar da mabiyiya suna nan a buɗe, kuma babu abin da ke toshe su sai mahaifar ta dunƙule ta yi tauri kamar ƙwallo. Mahaifar da ta gaji da doguwar naƙuda, ko tagwaye suka buɗa ta, ko ta yi haihuwa da yawa, ita ce kan kasa dunƙulewa. Sauran dalilan su ne yagewa, da saura na mabiyiya da ya maƙale a ciki, da jinin da ya ƙi daskarewa.

Saboda haka ungozoma ba ta jiran jini ya fara. Cikin minti ɗaya da fitowar jariri takan yi wa uwa allurar oksitosin, sannan ta taimaka wa mabiyiya ta fito da dabara, ta duba ko ta fita cikakkiya, ta riƙa taɓa marar tana jin taurin mahaifa. Oksitosin yana da rauni guda da ya shafi wannan yanki kai tsaye: yana son firji, zafi yana kashe ƙarfinsa, kuma kwalbar da ta lalace ba ta canza kama. Shi ya sa ƙwayar misofurostol, wadda ba ta damu da zafi ba kuma ana haɗiye ta ne kawai, take da muhimmanci a inda babu wutar lantarki, har akan ba wa mai ciki ta ajiye idan ana tsoron haihuwar za ta riske ta a gida. Sharaɗinta mai tsanani ne: ba a shan ta sai jariri ya fito kuma an tabbata babu na biyu a ciki.

Matsala ta daban ita ce ido ba ya iya auna jini. Zane da katifa suna shanye shi, mai kallo ya ɗauka kaɗan ne. Wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata sama da 200,000, ya gwada wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa, jinin ya taru a cikinta ana ganin adadinsa. Da zarar ya kai layin haɗari, sai ungozoma ta yi abubuwa gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya: ta murza mahaifa, ta ba da maganin dunƙule ta, ta ba da allurar da ke taimaka wa jini daskarewa, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta duba ko akwai yagewa, ta kira na gaba da ita. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta sun ragu da wajen kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci aikin a Najeriya. Babu wata na'ura mai tsada a cikin wannan tsari, kuma galibin hannayen da suka aiwatar da shi na ungozomomi ne.

In jinin ya ƙi tsayawa, ungozoma tana da dabarun sayen lokaci: matse mahaifa tsakanin hannu biyu, da sanya wa mace wata riga mai ɗaurewa daga ƙafa zuwa ciki wadda ke tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa babban asibiti. Can kuma abin da ake nema shi ne jini, kuma a mafi yawan asibitocin ƙasar nan dangi ne ke bayarwa. Iyalin da suka san rukunin jinin mai cikinsu, suka kuma tsayar da mutum biyu ko uku da za su bayar tun cikin yana wata bakwai, sun rage wa kansu sa'o'in da ake ɓatawa ana bugun waya da tsakar dare.

Jinin da ya zo kafin haihuwa hukuncinsa daban ne. Yana iya zama mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa, ko ta ɓanɓaro kafin lokaci. A nan ƙwarewar ungozoma ita ce ta janye hannunta: ba ta sa yatsa ta duba ba, domin hakan na iya ɓalle jinin gaba ɗaya. Ruwa za ta ɗaura, ta tura.

Jijjiga

Ciwon da ake kira jijjiga ko taune-taune yana farawa ne a ɓoye bayan ciki ya wuce wata biyar, da hawan jini da ya kai 140 bisa 90 tare da wani sinadari da ke fita a fitsari. Alamomin da ke cewa ya kusa kai wa ga faɗuwa su ne ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannuwa. Ya fi kama masu cikin fari, kuma yana iya zuwa ana naƙuda ko ma bayan an sauka. Da yake kamanninsa na farfaɗiya ne, a gidaje da yawa akan fara da hayaƙi da tofi a kan zaton iska ce. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da ke cutarwa shi ne ɗura wa mai jijjiga ruwa ko rubutu a baki, domin yana wucewa huhu, da cusa mata cokali tsakanin haƙora. A kwantar da ita a gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata rauni, a nemi abin hawa.

Maganinsa sananne ne kuma mai araha: magnesiyam salfet. A 2008 aka shigar da shi asibitoci 10 na Jihar Kano tare da horar da ma'aikata, mace-macen masu wannan ciwo suka sauko daga wajen 20 cikin 100 zuwa wajen 2. Ungozomar ƙaramar cibiya an koya mata ta yi allurar farko kafin ta tura mace gaba, kuma wannan allura guda takan zama bambancin isa da rai. Bayan an fara shi ana lura da numfashi, da yawan fitsari, da motsin gwiwa, domin maganin ma yana da haɗarinsa idan ya yi yawa. Amma warakar gaskiya ita ce raba uwa da cikin, ko da bai cika wata tara ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa dangi wuyar karɓa, kuma bayyana musu shi cikin harshen da za su fahimta yana cikin aikin ungozoma.

Doguwar naƙuda da yoyon fitsari

Tsohuwar ƙa'idar ungozomomi ita ce kada rana ta fito wa mai naƙuda sau biyu. A ɗakin haihuwa ana rubuta ci gaban naƙuda a wata takarda ta musamman: buɗewar bakin mahaifa, saukowar kai, ƙarfin ciwon, bugun zuciyar jariri, launin ruwan faya. Takardar ce ke nuna wa ungozoma cewa naƙuda ta tsaya tun kafin uwa ta galabaita. Idan kan jariri ya fi ƙugu girma, ko ya zo a karkace, babu nishi ko jiƙon da zai fitar da shi. Sai tiyata.

A gida, fassarar da aka fi yi wa irin wannan ita ce zaƙi ne ya tare hanya, ko gishiri ne, har a kira mai aska ta yi yankan gishiri, wanda kan huda mafitsara ko ya jawo zubar jini. Wata ɓarnar ta zamani ita ce allurar naƙuda da ake saya a kemis a yi wa mace a ɗaki. Oksitosin ɗin da ke ceton rai bayan haihuwa, idan aka yi shi kan jaririn da hanya ta tare, mahaifar ce ke fashewa.

Macen da ta kwana biyu ko uku a haka, kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya faɗi, fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Jihar Katsina tana da dogon tarihi a gyaran wannan lalura. A asibitin Babbar Ruga da ke wajen birnin Katsina, wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, ya koma ɗinke masu yoyon fitsari, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Yau wurin cibiya ce ta ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma aikin kyauta ne. Wani darasi daga can ya shafi ungozoma kai tsaye: idan aka sanya wa mace robar fitsari da wuri bayan doguwar naƙuda aka bar ta makonni, wasu ƙananan hujojin kan warke da kansu ba tare da wuƙa ba.

Jego, zazzaɓi da ciwon zuciya

Ana yawan ɗauka cewa da an ji kukan jariri haɗari ya wuce, alhali kaso mai yawa na mace-macen yana faruwa ne a kwanakin farko na jego. Zazzaɓi, ciwon mara, da jinin biƙi mai wari alamu ne na ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa, musamman idan faya ta daɗe da fashewa ko hannuwa marasa tsabta sun taɓa. Maganinsa allurai ne masu ƙarfi a asibiti.

Akwai kuma wani ciwo da sunan Malumfashi ya shiga littattafan likitancin duniya saboda shi. A 1974 likitocin Zariya, Davidson da Parry da abokiyar aikinsu, suka wallafa bincike kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka gano ciwon ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi. A Zariya a wancan lokaci ana ƙiyasin mace 1 cikin masu haihuwa 100, adadin da ya fi na ko'ina a duniya. Suka danganta shi da yadda ake tsananta al'adun jego a wannan yanki: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa da yawa. Hujjarsu ita ce gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken baya-bayan nan, musamman na Farfesa Kamilu Karaye a Kano, ya nuna lamarin ya fi haka faɗi: talauci, rama, hawan jini lokacin ciki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam suna da hannu, kuma ciwon yana kama har waɗanda ba su yi wankan ba. Don haka ungozoma mai hankali ba ta yaƙi da wankan jego ɗungurungum, wanda ba za ta ci nasara ba ko ta yi. Takan ce a sassauta zafin ruwan, a rage kanwar, a hana mai hawan jini gaba ɗaya. Abin da ba ta sassautawa a kai shi ne alamomin: mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, ƙafafu da ciki suna kumbura. Wannan zuciya ce, kuma ƙarin wanka ƙara mata nauyi yake yi.

Ta ɓangaren jariri, ƙwarewar da ta fi kowace ceton rai ita ce ta minti na farko. Wanda ya fito bai yi kuka ba, a goge shi, a shafa bayansa, in bai numfasa ba a busa masa iska da 'yar jakar numfashi. Jarirai da yawa da akan ce sun zo babu rai suna da bugun zuciya. Bakwaini kuma akan ɗaura shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, cibiya a shafa mata maganin kulohezidin maimakon gashi da tsumma ko man goge haƙori.

Jinkiri uku

A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa dalilan mutuwar masu haihuwa zuwa jinkiri uku: na yanke shawarar tafiya, na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake. Kunyar ɗan fari takan hana yarinya faɗin cewa naƙuda ta fara, al'adar goyon ciki takan mayar da ita gidan iyayenta a ƙauyen da ya fi nisa da asibiti, mai gida kuma yana iya kasancewa a kasuwa ko ya tafi cin rani, babu wanda zai ba da izini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Izinin da miji ya bari tun kafin ya fita, cewa duk abin da ya taso a tafi da ita kada a jira shi, ba ya cin ko sisi.

Na biyun ya ƙara tsanani da matsalar tsaro. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, hare-haren 'yan bindiga sun sa tafiyar dare ta zama kasada, ma'aikatan lafiya da yawa sun koma garuruwa, haihuwa kuwa ba ta san dare ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, na tsawon watanni, lokacin da ko kiran mai mota ya gagara. Shawarar da ta dace da mai cikin da ke irin waɗannan wurare, musamman wadda aka riga aka ce tana da haɗari, ita ce ta dawo gidan dangi a cikin gari tun ciki yana wata takwas. A nan ne ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke zaune a Funtuwa ko Malumfashi, wanda 'yan uwansa ke ƙauye, yake da rawar da babu asibitin da zai taka. An kuma taɓa gwada wani tsari a Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda aka horar da direbobin ƙungiyar sufuri ta ƙasa su riƙa ɗaukar masu naƙuda da gaggawa a kowane lokaci, ana saka musu da ba su lodi ba tare da bin layi ba a tasha.

Na ukun na hukuma ne: ƙarancin ma'aikata, wuta, jini da magani. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, sababbin yaye da waɗanda suka yi ritaya, amma ya yi rauni saboda alawus da masauki da aka raba tsakanin matakan gwamnati uku ba su riƙa zuwa a kan kari ba. A 2014 aka amince a horar da ma'aikatan lafiyar al'umma su ɗauki wasu ayyukan ungozoma inda babu ita. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, cikin wani shiri da ya fi mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da mace-macen suka fi yawa. Shirin yana aiki ne ta asibitocin da aka tantance, don haka wurin awo ne ya dace iyali su tambayi ungozoma wane asibiti ne mafi kusa da ke cikinsa, da takardun da ake buƙata.

Wadda ta haihu a asibiti ana so ta yi aƙalla sa'a 24 kafin a sallame ta, ko da dangi suna gaggawar komawa a ɗora tukunyar wanka. Wadda ta haihu a gida kuma a kai ta ko a kira ungozoma ta gan ta cikin wannan yinin, sannan a sake dubawa a kwana na uku, da cikin mako na biyu, wanda kan zo daidai da bayan suna, da kuma a mako na shida, wajen cikar arba'in. A wannan zuwa na ƙarshe ake sake auna jinin wadda ta yi hawan jini, a saurari zuciyar mai haki, a kuma tattauna tazarar da jikinta ke buƙata kafin wani cikin, wadda ga wadda aka yi wa tiyata bai kamata ta gaza shekara 2 ba.